Waiwaye: Su Wa Suka Tsara Manyan Gidajenmu na Nguru da Gashuwa?

Yau ina so mu ɗan waiwaya baya kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar manyan gidajen da iyayenmu da kakanninmu suka gina a nan ƙasar Manga da ƙasar Bade.

Abin da ya tayar mini da zancen shi ne, kwanakin baya na je Gashuwa ta'aziyya, sai na bi ta ƙofar gidan wani baffanmu, Allah ya ji ƙansa. Na tarar an kafa allon wata makarantar kuɗi a jikin katangar. Gidan bene ne na siminti, bai cika shekara 40 da ginawa ba, amma yau babu jininsa ko ɗaya a ciki. Da na dawo Nguru na shiga gidan kakanmu da ke Hausari, ginin ƙasa, wanda ya girmi na baffa da shekara 40, na iske jikoki da tattaɓa-kunne cike da shi, ana ta daka, yara na karatun allo a zaure. Tun ranar nake tambayar kaina: me ya sa gidan ƙasa ya riƙe zuriyarsa, gidan siminti ya kasa? Amsar da na samu bayan na zauna da dattawanmu ita ce, a duba mutanen da maigida ya saurara kafin a haƙa tushe.

YADDA MUKA SAMI KANMU A NAN

Kowa ya sani Nguru tsohon gari ne, ba jirgi ya kafa shi ba. Ƙasar Mangawa ce, kuma a ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadiman Borno, mai tsare wa Sarkin Borno iyakarsa ta yamma. Fatake Hausawa sun daɗe suna ratsa yankin da jakunansu wajen neman kanwa da gishirin Manga. Amma cincirindon da ya haifar da unguwanninmu bayan layin dogo ya zo. Jirgi ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe ta Ringim da Malam Madori har ya ƙare a Nguru a 1930, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka. Daga wannan shekara zuwa 1964 da jirgi ya isa Maiduguri ta wajen Bauchi da Gombe, Nguru ce ƙofar Borno. Gyaɗa da ƙaro da kirgi da shanu da bandar kifi, duk nan ake tara su a loda a tarago. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka kafa sikeli, Kwarori suka buɗe kantuna, mutanenmu kuwa daga ƙasashen Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram suka yi ta kwararowa, wani ɗan dako, wani yaron awo, wani dillalin shanu, wani almajiri.

Gashuwa kuma, wadda ke gabas da Nguru tafiyar kilomita 60 da ɗoriya, ta bunƙasa ne da kasuwar bakin kogi, musamman bayan da aka maido fadar Mai Bade daga Gorgaram zuwa can a shekarun 1940. Sunayen unguwanni ma kaɗai sun ishe mu shaida: a Nguru akwai Hausari, a Gashuwa akwai Zango da Sarkin Hausawa.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da hantsi ya ɗaga ta bushe, kaba kuwa ko an sare ta tana nan da saiwarta. Wanda ya zo cin rani wajen fatoma yake sauka, in ya daɗe ya kewaye fili da zana ya kafa bukka. Ranar da ya kira magini ya ce a buga masa tubali, ranar ya sanar da Bulama da Lawan cewa shi kam ya zama kaba. Shi ya sa ginin gida a wurin baƙo ya fi ƙarfin maganar wurin kwana, kuma shi ya sa mai hankali ba ya yin sa da ra'ayin kansa shi kaɗai.

ATTAJIRI DA MUTANENSA

Duk attajirin wancan zamani yana da mutanen da ke kewaye da shi, waɗanda ba ya yanke babbar magana sai da su. Misalin da kowa ya sani shi ne na Alhassan Ɗantata na Kano. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya kira 'ya'yansa, ya kira babban mai riƙe masa lissafi, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bari kasuwancin ya wargaje, su kuma riƙe dangi. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. Mai karatu ya lura, a zaman da ya fi kowane muhimmanci ga wannan gida, akwai mutumin da ba ɗa ba ne, amma an zaunar da shi don ya ji.

Haka ma can Sabo ta Badun, inda shanun da ake lodawa daga Arewa ke sauka. Wani Bature mai nazarin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya nuna cewa ƙarfin maigida a Sabo gidajensa ne, nan yake saukar da baƙin fatake, nan yake ajiye musu kuɗi, kuma ba ya rabuwa da akawu da dillalai da malaman da yake neman shawararsu. Wannan tsari shi ne dai namu na Nguru, domin igiya ɗaya ce, kanta na nan, wutsiyarta na Kudu.

Kakanmu ya zo Nguru daga wani ƙauye na ƙasar Kano yana saurayi, ya fara da ɗinkin buhu a wajen awo, har Allah ya buɗa masa ya zama mai sayen gyaɗa da ƙaro na kansa. A 1947 ya tashi gini. Bisa ga abin da dattawanmu suka tabbatar mini, mutum huɗu ne suka tsara gidan nan, shi dai nasa biyan kuɗi da cewa to.

MALAM

Na farko malaminsa ne. Nguru garin ilimi ce, ko ba a faɗa ba an san nan ne mazaunin Shehu Gibrima, babban malamin Tijjaniyya da ya rasu a 1975, kuma kusan kowace unguwa akwai mai karantar da Risala da Muhtasar. Malamin kakanmu ɗaya ne daga cikin irin waɗannan malaman zaure. Shi ya fara shiga filin, ya tsayar da alƙibla, ya nuna inda za a haƙa masai yadda mai zama ba zai fuskanci gabas ko ya juya mata baya ba, ya ce a nisanta rijiya da shi. Ya ce kowace mace a yi mata ɗakinta da rumfarta, domin haƙƙinta ne, ba alfarma ba. Ya ce samari da sun tasa a fitar da su ƙofar gida, tsakanin zaure da shigifa, kada su riƙa kutsawa cikin matan uba.

Amma babbar shawararsa ita ce wadda kakanmu bai so ji ba. Ya ce masa: "Alhaji, kai ne za ka gina gidan nan, amma alƙali ne zai raba shi. Ka gina abin da zai rabu." Ya yi masa bayanin hukuncin mazhabar Malikiyya, cewa gidan da zai yiwu a raba shi kowa ya amfana da rabonsa, raba shi ake yi, wanda kuwa ba zai rabu ba sai da ɓarna, in magaji ɗaya ya nemi a sayar, to sayarwa za a yi a raba kuɗin. Ya ƙara da cewa wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji, kyauta kuma ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya mallaka tun mai bayarwa yana da lafiyarsa. Saboda haka uba ba zai ce ya ba ɗansa gidan da shi uban ke ciki ba alhali bai fita ba.

A kan wannan magana aka tsara gidan sassa-sassa. Kowane sashe yana da ɗaki biyu ko uku da tsakar gidansa da makewayinsa, kuma aka jera su yadda kowanne bayansa ko gefensa na jingine da lungu. A lokacin duk ta zaure ɗaya ake shiga, amma duk sashen da aka so a fasa masa ƙofa waje, aikin yini ɗaya ne.

MAGINI

Na biyu shi ne magini, wanda aka ɗauko daga Kano. Gini a ƙasar Hausa sana'ar gado ce mai sarautarta, akwai Sarkin Magina, kuma har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Maginin kakanmu ba shi da takarda ko fensir, da ƙafa yake awo, da sanda yake zane a ƙasa, amma shi ya yanke faɗin kowane ɗaki. Dalili kuwa azara. Azarar giginya gara ba ta cin ta, sai dai ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce ƙafa 6 ko kusa da haka. In ana son ɗaki mai faɗi sai an yi dabarar jera azara daga kusurwa, ko a ɗaure baka, shi kuwa aiki ne mai cin kuɗi. Don haka zaure da turakar maigida kaɗai aka yi wa baka, sauran ɗakunan ƙanana ne masu yawa. Abin da azara ta tilasta ya zo daidai da abin da malam ya nema, domin ƙananan ɗakuna masu yawa sun fi babban ɗaki ɗaya daɗin rabo.

Shi ne kuma ya ce ƙasar Nguru rairayi ce, ba ta kama tubali, sai an ɗauko laka daga fadama an cuɗa da ciyawa an bar ta ta ruɓa. Ya kaurara bangon gabas, tunda daga can hadari ke tasowa, ya sa a riƙa shafe shi da makuba duk shekara, ya fitar da indararo ta lungu yadda ruwan wani sashe ba zai zuba a na wani ba. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne a ido, amma duk wanda ya taɓa zama wajen sulhun 'yan uwa ya san rigima nawa indararo ya haddasa. Daga ƙarshe ya bar fili fetal a bayan gida, ya ce na waɗanda ba a haifa ba ne.

AKAWU

Na uku akawunsa, mai riƙe littafin awo. Shi idonsa na kan kasuwa. Ya ce a raba dukiyar ciniki da wurin kwanan iyali: sito da ɗakin baƙi da shaguna uku duk a yi su a fuskar titi, da ƙofofinsu daban, kada buhun gyaɗa ya ratsa cikin gida, kada kuma baƙon fatake ya wuce zaure. Hujjarsa ita ce ciniki yana da bashi, ranar da aka zo bin bashi a tarar da abin da za a ɗauka wanda ba ɗakin matan aure ba. Maganarsa ta tabbata. Fari na 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun karya masu awo da yawa a garin nan. Kakanmu ya sayar da sito ya biya bashi, iyalinsa ko gezau ba su yi ba.

Akawun nan ne kuma ya matsa aka je gaban Sarkin Hausawa da mai unguwa aka rubuta iyakokin filin da shaidu, da ajami da boko. Lokacin da Dokar Filaye ta 1978 ta mai da ƙasa hannun gwamna, aka shiga neman takardar mallaka, wannan tsohuwar takarda ita ta tsaya mana.

HAJIYA BABBA

Ta huɗu ba a ganin ta a zaure, amma babu bangon da aka ɗora a cikin gida ba da saninta ba. Uwargidan kakanmu ke nan, wadda duk muka taso muna kira Hajiya Babba. Ita ta ce kada a sa ƙofar kishiya ta kalli ƙofar kishiya. Ita ta ce madafa babba ɗaya ta gandu a tsakiya, amma kowane sashe a bar masa gurbin murhu, domin ranar da matan 'ya'ya suka yi yawa tukunya ɗaya ba za ta ɗauke su ba. Ita ta nemi ƙaramar ƙofa ta baya wadda mata za su bi zuwa gidajen maƙwabta biki ko suna ba sai sun ratsa maza ba.

Sannan ta nemi a yi ɗaki biyu kusa da nata, a bar su ba na kowa ba. Da aka tambaye ta na wa ne, ta ce na 'ya mace ne, domin ɗa namiji gida yake kawo mata, 'ya mace kuwa fita take yi, kuma ba a san ranar da za ta dawo ba, ko wankan jego, ko takaba, ko yaji. Goggonninmu uku sun ƙare rayuwarsu a ɗakunan nan cikin mutunci, babu wadda ta zauna a raɓe a sashen matar ɗan'uwanta.

RANAR RABO

Kakanmu ya rasu a 1979, ya bar mata 3 da 'ya'ya maza 6 da mata 5. Aka fitar wa matan sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas su raba, sauran aka kasa 17, namiji biyu mace ɗaya. Aka kira magina suka yi wa kowane sashe da kowane shago kuɗi. Wanda sashensa ya fi rabonsa ya cika wa 'yan uwa, mata suka ɗauki shaguna da ɗakunan Hajiya Babba da gona. Ba zan ce ba a ɗaga murya ba, an ɗaga, har an yi wata biyu wasu ba sa gaisawa. Amma ba a sayar wa bare ko taku ɗaya ba. Daga baya da wani baffanmu ya so sayar da nasa kafin a kammala shata iyaka, malamai suka tuna masa haƙƙin shufu'a, cewa abokin tarayya shi ya fi cancanta ya saya, yayansa ya biya shi. Yau gidan yana da ƙofa 5, an yi wa wasu sassan bulo da kwano, amma zauren nan na farko shi ne dai inda ake ɗaurin aure da zaman makoki.

ZAMANIN SIMINTI

To, sai zamani ya juya. Kuɗin man fetur ya shigo, aka yi Udoji a 1974, kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979, ginin ƙasa ya zama abin kunya ga mai hali. Masu ba da shawara su ma suka canja. Wurin malam da magini sai ɗan kwangila da mai zanen gida, da abokan da suka ga wani gini a Kaduna ko a Jidda wajen aikin Hajji.

Baffanmu na Gashuwa ya sami arziki a fataucin kifi da shinkafa, ya tashi gini a 1987. Aka kawo masa zane a takarda: bene hawa ɗaya, ƙaton falo, matakala ɗaya, kicin ɗaya, tankin ruwa ɗaya, get ɗaya, gini ya cinye filin kaf. An ce wani dattijo cikin abokan kakanmu ya tambaye shi ta ina za a raba, ya yi dariya ya ce 'ya'yansa kansu a haɗe yake. Ya rasu ya bar mata 3 da 'ya'ya maza 8 da mata 9, kashi 25 ke nan bayan sumuni. Ta yaya za a kasa matakala ɗaya gida 25? Shekara huɗu ana ja-in-ja, ɗaki ɗaya na son a zauna, ɗaki biyu na son kuɗi, daga ƙarshe hukuncin nan da malamin kakanmu ya faɗa tun 1947 shi ya hau kansu. Aka sayar. Rabon kowa bai isa sayen fuloti a cikin gari ba. Yau wasu na Damaturu, wasu na Kano, iyayen mata biyu na gidan haya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina zagin siminti ne. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2022 ta narkar da gidajen ƙasa a Gashuwa da ƙauyukan bakin kogi ba zai ce a koma tubali ba. Injiniya da mai zane sun san abin da maginin da bai sani ba, tushe da magudanar ruwa da ƙarfin rodi. Laifinmu shi ne mun kawo su mun sallami sauran. Mai zane yana tambayar mota nawa gare ka, ba ya tambayar mata nawa da 'ya'ya nawa, kuma ba aikinsa ba ne ya san babin gado.

ABIN DA YA RAGE MANA

'Yan uwa, mu da kakanninmu suka zo daga wani wuri, wannan magana ta fi shafar mu. An ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, kuma duk wanda ya taɓa zuwa neman takardar shaidar ɗan ƙasa don makaranta ko aiki ya san tambayar farko ita ce, ɗan wane gida ne kai, a wace unguwa? Yaron da zai iya nuna zauren kakansa a Hausari ko Zango, mai unguwa ya san shi, maganarsa gajeriya ce. Wanda aka sayar da gidansu kuwa, can garin asali an manta da su, nan kuma babu abin nunawa.

Don haka shawarata ga duk wanda Allah ya hore wa zai yi gini, kafin ya biya kuɗin zane ya zaunar da malamin da ya san rabon gado, ya zaunar da iyalinsa mata, ya sa mai zanen ya saurare su. A tambaya ko kowane sashe zai iya samun ƙofarsa da mitarsa da makewayinsa. A ware shaguna daga wurin kwana. A bar fili ko yaya yake, a bar ɗakin 'ya mace. A rubuta komai da shaidu tun ana da lafiya. Waɗanda kuma har yanzu suke cikin gidan gado da ba a raba ba, su yi wa Allah su je wurin dattawan da suka rage su rubuta iyakoki da tarihin kowane sashe, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya saka wa waɗanda suka ba su shawara ta gari, mu kuma ya ba mu ikon riƙe zumunci. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.